Muryoyin Tsintuwa: Faifan Turawa da Ya Ari Sunan Littafin Maƙwabcinmu

Amos Tutuola mutumin Abekuta ne, amma a nan Badun ya ƙare rayuwarsa, a nan ya rasu a 1997. Ya yi aikin masinja a Ikko, daga baya ya samu aiki a gidan rediyon tarayya aka turo shi garin nan yana kula da sito, don haka ba mamaki wasu daga cikin dattawan Sabo sun sha gilmawa ta gabansa a Dugbe ko Mokola ba su san ko wane ne ba. Bokonsa bai yi nisa ba, Turancinsa ma Yarbanci ne ya sa rigar Turanci. Duk da haka a 1954 kamfanin Faber and Faber na Landan ya buga masa littafi mai suna My Life in the Bush of Ghosts, wato rayuwata a kurmin fatalwa. Labarin wani yaro ne ɗan shekara 7 da ya gudu daga mahara masu kamun bayi, ya faɗa dajin da ɗan Adam ba ya shiga, ya yi shekara 24 a hannun fatalwa iri-iri kafin ya sake ganin gida.

Shekara 27 bayan fitar littafin, a watan Fabrairun 1981, sai ga sunan nan a jikin wani faifan garmaho. Mutum biyu ne suka yi shi. Ɗaya Brian Eno, Baturen Ingila, wanda ya fara da ƙungiyar Roxy Music, ya yi aiki da David Bowie, ya kuma yi suna wajen wani irin kiɗa mai sanyi da ake kunnawa ya cika ɗaki kamar turaren wuta. Ɗayan David Byrne, jagoran ƙungiyar Talking Heads ta Niyok, wadda Eno ya tsara wa faifai uku a jere daga 1978 zuwa 1980. Su da bakinsu sun ce lokacin da suka ɗauki sunan ba su karanta littafin ba, sunan ne kawai ya yi musu. To mu riƙe wannan, domin halin faifan gaba ɗaya ke nan: a ga abu mai kyau a hannun wani, a ɗauka, tambaya ta biyo baya.

Wani zai ce, yo me ya haɗa mujallar unguwa da kiɗan rok na Turawa, mu da muke fama da kuɗin haya da tsadar motar Arewa? Ai haɗin yana aljihun kowa. Duk yaron da ke zaune a shagon cajin waya yana yanko muryar wani malami ko ta wani ɗan siyasa yana ɗora ta kan kiɗa don a yi dariya a TikTok, sana'ar da faifan nan ya fito da ita fili yake yi, ko ya sani ko bai sani ba. Ban da haka, faifan ya taɓa abin da ya fi komai girma a wurinmu, an yi magana, an kuma samu gyara. Yadda aka yi gyaran, da waɗanda gyaran ya tsallake, shi ne abin da ya sa muka ga ya cancanci waɗannan shafuka.

Waƙa 11 ce a faifan na asali, amma babu wadda Eno ko Byrne ya buɗe baki ya rera a matsayin mawaƙi. Maimakon haka sai suka bi rediyo da tsofaffin fayafai suna tattara muryoyin mutane: mai gabatar da shiri da ransa ya ɓaci a San Faransisko, wani da ya bugo waya gidan rediyo a Niyok yana zazzaga wa ɗan siyasa masifa, fastoci masu wa'azi, mai fitar da aljanu, mawaƙan coci na tsibiran kudancin Amurka, mata biyu Larabawa, da masu karatun Alƙur'ani daga Aljeriya. Muryoyin tsintuwa, haka ake kiransu a fagen. Da farko ma tunaninsu shi ne su shirya faifan kamar kiɗan wata ƙabila ce da babu ita a duniya, wai wani mai bincike ne ya je ya naɗo. Sun bar wannan dabara, amma ƙamshinta bai bar faifan ba.

Aikin fa ba irin na yau ba ne da za ka ja murya da yatsa a kwamfuta ka ajiye ta inda kake so. A 1979 da 1980 da suka yi naɗin, na'ura biyu suke kunnawa, ɗaya tana juya zaren kiɗa, ɗaya tana juya zaren murya, su yi ta gwadawa har a dace numfashin mai maganar ya faɗa daidai kan bugun ganga. In bai faɗa ba a mayar da zare a sake. Kayan kiɗan ma wasu na tsintuwa ne, kwali a madadin babbar ganga, kaskon suya a madadin ƙarama. Ginin kiɗan kuwa daga Ikko suka koyo shi. Eno ya daɗe yana sauraron Fela, musamman faifansa Afrodisiac na 1973, shi ya kuma kunna wa Byrne. Abin da suka ɗauka a wurin Fela da makaɗinsa Tony Allen shi ne a tsaya wuri ɗaya kada a yi ta hawa da sauka irin na waƙar Turawa, kowane mai kiɗa ya riƙe ɗan guntun nasa yana maimaitawa, guntayen su shiga tsakanin juna. Wanda ya taɓa jin mata uku suna lugude a turmi ɗaya ya san abin. Babu taɓaryar da ke yin wani abin a zo a gani ita kaɗai, daɗin yana cikin yadda kowace ke faɗawa a gurbin da 'yar'uwarta ta bari.

Inda wannan ya fi fitowa shi ne waƙa ta huɗu, Help Me Somebody. Muryar Fasto Paul Morton ce ta birnin New Orleans, daga wani wa'azi da aka watsa a rediyo a 1980. Jitoci suna ta tsattsaga da sauri, kusan irin na hailaif, ganguna suna gudu a ƙasa, shi kuma yana sama yana jan numfashi da ƙarfi a ƙarshen kowace jimla kamar mai faskare. In ba a gaya maka ba, rantsuwa za ka yi a ɗaki ɗaya suke da makaɗan, yana jinsu suna jinsa. Alhali bai taɓa ganinsu ba. Abin da Eno da Byrne suka gano a nan gaskiya ne, mu ma mun san shi tun kafin su: magana in ta yi zafi tana da nata bugun. Sanƙira in yana zuba kirari a gaban sarki ba rerawa yake yi ba, amma makaɗi na iya bin sa ƙafa da ƙafa. Mai tallan magani a tasha haka, direba in yana faɗa da kwandasta haka. Gwanintar mutanen nan biyu ita ce sun ji bugun da ke ɓoye cikin muryar wani, suka gina masa ɗaki daidai tsawonsa.

Waƙoƙi biyun farko ba su kai wannan ba a kunnenmu. America Is Waiting tana da ƙarfi, jita kamar ana kankare ƙarfe, amma in ka ji ta sau uku ka gama da ita. Mea Culpa ta fi ta dabara: mai bugo waya yana surfa bala'i har ba ka rarrabe kalmominsa, ɗan siyasa yana amsawa da murya ƙasa-ƙasa mai santsi, an yanka an maimaita har ban-haƙurin nasa ya koma kamar kukan sauro. Duk wanda ya taɓa sauraron shirin kiran waya lokacin zaɓe zai yi murmushi.

Sai Regiment, wadda mu a wurinmu ita ce kan faifan. Busta Jones ne ke riƙe da jita mai kaurin murya, yana taka ta a hankali da nauyi kamar amale ɗauke da kaya, Chris Frantz na Talking Heads yana kan ganguna. A kan wannan sai muryar wata mace ta taso, Balarabiya, tana jan baƙi ɗaya tana lanƙwasa shi, tana hawa da shi ba tare da gaggawa ba, kiɗan yana ta tafiyarsa a ƙasa ita ko a jikinta. Ba sai ka ji Larabci ba tsigar jikinka za ta tashi. An sake amfani da muryarta a The Carrier, a ɗaya gefen faifan, inda komai ya lafa, ganguna suka ja baya, sauti ya koma kamar hazon hunturu da asuba, kana hango abu ba ka tabbatar da ko mene ne ba. Gefen nan na biyu shi ne ya ba faifan sunan da ya yi na kiɗa mai yanayi. Ba rawa ake yi da shi ba, zama ake yi a cikinsa.

Mu faɗi gaskiya, faifai ne mai kyau, kuma shekaru sama da 40 ba su tsufar da shi ba. Muna ma ganin kunnen ɗan Sabo ya fi na Bature saurin gane shi. Mu da muke kwana muna tashi tsakanin lasifikar masallaci, da ta coci daga tsallaken titi, da fuji daga motar haya, da mai kaset yana sakin wa'azi, da janareta yana riƙe musu bugu gaba ɗaya, wannan cakuɗar da suka sha wahala suka haɗa a ɗakin naɗar sauti ita ce la'asar ɗinmu ta kullum. Bambancin shi ne mu mun san mai kowace murya. Mun san ladanin, mun san 'ya'yansa, mun san faston da gidan da yake haya. A faifan kuwa an cire kowa daga gidansa.

Nan ne maganar take. Duba waƙa ta biyar, The Jezebel Spirit. Wani mai fitar da aljanu ne a Niyok, an naɗe shi a 1980 yana aiki a kan wata mata. Kana jin sa yana tsawa, yana ba aljanin umarni, kana kuma jin numfashin matar yana fita da ƙyar. A ƙarƙashin wannan aka shimfiɗa kiɗan rawa mai zaƙi, irin wanda ƙafa ke bi ba da shawararka ba. Ta fuskar sana'a ba abin da za ka kushe, an jera komai yadda tashin hankalin ke ƙaruwa har ya kai ƙarshe. Amma jama'a mu sa kanmu a wurin. Ruƙiyya ce fa. A ce ƙanwarka ce aka kai wa malam tana fama, wani ya naɗi kukanta, bayan shekara ka shiga wani wuri ka tarar ana rawa da shi. Tun a 1981 mai sharhin mujallar Rolling Stone, Jon Pareles, ya yi wannan ƙorafi, yana ganin sun mayar da abin da yake na gaske a wurin masu shi abin wasa. A jikin faifan an rubuta cewa ba a san sunan mai fitar da aljanun ba. Matar kuwa ko ambatonta ba a yi ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ba wannan murya aka fara sa wa waƙar ba. Ta Kathryn Kuhlman ce, wata shahararriyar mai wa'azin Kirista a Amurka da ta rasu a 1976. Masu kula da gadonta suka ce ba su yarda ba. Dole aka cire, aka nemo wata, wannan na cikin abin da ya jinkirta fitar faifan har Remain in Light na Talking Heads, wanda aka fara bayansa, ya riga shi shiga kasuwa a 1980. Matacciya ke nan, amma tana da masu tsaya mata.

Sai waƙa ta shida, wadda ta buɗe gefe na biyu a bugun farko. Sunanta Qu'ran, haka suka rubuta, ko wasalin ba su sa daidai ba. Karatun Alƙur'ani ne na wasu Musulmin Aljeriya, aka ɗora shi kan ganga da jita. Bayan fitar faifan wata majalisar Musulmi ta Birtaniya ta rubuta ta nuna rashin yarda, Eno da Byrne ba su ja ba, suka cire ta daga bugun da ya biyo baya suka maye gurbinta da wata mai suna Very, Very Hungry. Da aka sake fitar da faifan a 2006 da ƙarin waƙoƙi 7, ba su dawo da ita ba, ko da yake masu sharhi da dama a Turai sun yi ta gunaguni wai an ba da kai. Mu dai muna ganin sun yi daidai, kuma mun yaba musu, domin a lokacin babu wanda ya tsare su da kotu ko da barazana. An gaya musu abin yana ɓata wa mutane rai, suka ji. Ba kuma muna ba kowa shawarar ya je neman ta a intanet don ya ji da kunnensa ba.

Sai dai yana da kyau mu gane ta inda kuskuren ya shigo, don ba daga su ya fara ba. Karatun sun same shi ne a cikin wasu fayafai 6 da kamfanin Tangent ya fitar a 1976, shekarar da aka yi babban bikin baje kolin al'adun duniyar Musulunci a Landan. Jean Jenkins da Poul Rovsing Olsen ne suka tattara su, sunan jerin kuwa Music in the World of Islam, wato kiɗa da waƙa a duniyar Musulunci. Ka ga tun daga kan kwalin an riga an zuba tilawa a kwando ɗaya da waƙar biki da ta masunta. Bature ya saya, ya ji murya mai daɗi tana hawa da sauka, a wurinsa waƙa ce. Mu kuwa harshenmu ma bai yarda da haka ba. Ba a cewa alaramma ya rera, cewa ake yi ya karanta, ya ja baƙi, ya yi tilawa, komai zaƙin muryarsa. Yaro ɗan makarantar allo ya san in ana karatu shiru ake yi a saurara, umarni ne. Wannan iyaka da ke fili a wurinmu kunne kaɗai ba ya jin ta, sai an tambayi masu abin. Tambayar ce ba a yi ba.

A cikin waɗannan fayafai na Tangent ɗin ne kuma suka samo muryar matar da ta ɗauki Regiment da The Carrier a kanta. A bangon faifansu sun rubuta Dunya Yusin, mawaƙiyar duwatsun Labanan. Sunanta na gaskiya Dunya Younes. Olsen, mutumin Denmak, shi ya naɗe ta a Bairut a 1972, a ofishin shahararren makaɗin udu ɗan Iraƙi, Munir Bashir, tana rera wata tsohuwar waƙar ƙasarsu. Daga nan murya ta kama hanya ba tare da mai ita ba. Ta shiga faifan Landan, ta shiga na Eno da Byrne, a 1987 ta shiga Pump Up the Volume ta M/A/R/R/S wadda ta hau kan jerin waƙoƙin da aka fi saye a Ingila. Ita kuwa tana can Labanan tana rayuwarta, ba ta san duniya na rawa da maƙogwaronta ba, har aka shafe sama da shekara 30. 'Yarta ce ta bi diddigi, aka tuntuɓi Eno da Byrne, aka sasanta ba tare da shari'a ba, aka gyara sunanta da na waƙar da ta rera a jikin aikin. Jaridar Guardian ta Ingila ta ba da labarin a 2022. Ɗaya Balarabiyar ma, Samira Tawfik ta cikin A Secret Life, an rubuta ta a matsayin 'yar Masar, alhali 'yar Labanan ce da duk ƙasashen Larabawa suka sani.

To ga muryoyi uku. Ta Kuhlman an cire ta tun kafin faifai ya fita, don tana da magada da lauyoyi. Karatun Alƙur'ani an cire shi bayan fita, don akwai ƙungiya a Landan mai ofis da takarda da ta iya rubuta wasiƙa. Ta Dunya ta zauna shekara da shekaru da gurɓataccen suna, don ba ta da kowa a inda ake yanke maganar. Ba nauyin haƙƙi ne ya bambanta su ba, gata ne. Mu mazauna Kurmi ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Tun 1916 da aka ware Sabo, iyayenmu suka gane cewa baƙon da ba shi da mai magana da yawunsa a fada, ko an taka shi ba a san an taka ba, shi ya sa ake da Sarkin Hausawa, ake da shugabannin 'yan goro da na 'yan shanu da na 'yan canji.

Kalmar tsintuwa ɗin ma da suke amfani da ita, a wurinmu tana da hukunci. Wanda ya tsinci abu mai daraja ba nasa ba ne don ya tsinta. Malamai sun ce sai ya yi cigiya shekara guda a inda jama'a ke taruwa, in ma ya yi amfani da shi daga baya, ranar da mai shi ya bayyana sai ya biya. Eno da Byrne sun bi kamfanoni sun nemi izini, wannan ba a musu, har ya ja musu jinkiri. Amma kamfani ba shi ne mai murya ba. Cigiyar ce ba su yi ba, ko da yake da mai abu ta bayyana ba su yi gardama ba, wannan ma a rubuta musu.

Ba su ne suka fara ɗora muryar tsintuwa a kan sauti ba. Steve Reich ya yi da muryar wani mai wa'azin titi a 1965, Holger Czukay na ƙungiyar Can ta Jamus ya yi da muryoyin da ya kamo a rediyo mai gajeren zango a faifansa Movies na 1979. Mai busa ƙaho Jon Hassell, wanda da farko da shi za a yi aikin, ya daɗe yana jin an ɗauki tunaninsa an yi gaba ba da shi ba, ka ji wani tsintaccen kuma. Abin da faifan 1981 ya yi shi ne ya ɗauki dabarar ya gina kundi sukutum a kanta, ya sa mata bugun da jiki ke amsawa, ya kai ta kasuwa. Hank Shocklee, wanda ya gina wa Public Enemy sautinsu mai cunkoso a fagen gambarar zamani, ya ambaci faifan cikin abubuwan da suka buɗe masa ido. Moby ya bi sawun a 1999 da faifansa Play, inda ya ɗora tsofaffin muryoyin baƙaƙen kudancin Amurka da Alan Lomax ya naɗa a kan kiɗan na'ura, ya sayar da miliyoyi.

Ciwon ma an gaje shi tare da gwanintar, har ya fi na asali muni. A 1992 wasu Faransawa biyu masu suna Deep Forest suka ɗauki waƙar reno ta wata mata mai suna Afunakwa daga tsibiran Solomon, suka yi Sweet Lullaby da ita, aka yi ta tallace-tallace da ita a talabijin, mutane da yawa ma suna zaton daga dazukan tsakiyar Afirka ta fito. Enigma ta Jamus ta ɗauki muryar wani dattijo manomi ɗan ƙabilar Amis ta Taiwan, Difang, da matarsa Igay, ta sa a Return to Innocence, har aka yi tallan wasannin Olamfik na 1996 da ita, sai da suka kai ƙara kafin a sasanta da su. Waɗannan na baya sun ɗauki dabarar sun zubar da ɗacinta. A faifan Eno da Byrne aƙalla muryoyin suna damunka, suna hana ka sakewa, kana jin cewa mutanen nan da gaske suke. A hannun magadansu kuwa murya ta koma yaji da ake barbaɗawa a kan kiɗan otal.

Kada kuma mu cika baki kamar mu ba ma aro. Rabin waƙoƙin finafinanmu na farko karin Indiya ne aka cire Indiyanci aka zuba Hausa, har masu bege a Kano irin su Ushaƙu Indiya sun ɗauki karin finafinan suka yi yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da shi. Maƙwabtanmu Yarbawa ma fujin da Sikiru Ayinde Barrister ya ɗaukaka daga waƙar tashin mutane sahur ta samo asali, abin azumi ya koma abin biki. Sai dai a duk waɗannan mai aro da bakinsa yake rerawa, ya tsaya a gaban jama'a, in an yi tir shi za a yi wa. Kari kamar ɗinki ne, kowa na iya gani ya kwaikwaya. Murya kuwa jikin mutum ce. Wanda ya yanko ta ya sa ka faɗi abin da ka faɗa a wurin da ba ka zaɓa ba, gaban mutanen da ba ka sani ba, kan kiɗan da wataƙila ka tsana.

Wannan na biyun shi ne yanzu ya cika wayoyinmu. Ana yanko wa'azin malami a shimfiɗa masa kiɗa mai sa kuka a ƙasa, har da inda ya jawo aya, a tura a WhatsApp, mu da kanmu muna turawa gaba muna cewa a yaɗa don lada. Abin da majalisar Musulmi ta Birtaniya ta hana Turawa a farkon shekarun 1980 ke nan, ba ragi. Ana ɗora wa Shata da Ɗankwairo da Barmani Choge bugun na'ura, wani lokaci abin ya yi daɗi ƙwarai, ba ma musu, amma sau nawa ka ga an rubuta sunan waƙar da shekararta, balle a nemi iyalansu? Ga kuma naɗe-naɗen da masu bincike suka kwasa a ƙasar Hausa, irin na David Ames da suka fita a fayafai a Turai tun shekarun 1960, makaɗan fada da na noma da na 'yan dambe da na mata a tsakar gida. Yau duk mai kwamfuta a ko'ina cikin duniya yana iya yanko su cikin minti biyar, jikokin masu muryoyin kuwa wataƙila wasunsu suna nan cikinmu suna sayar da goro.

Ga wanda zai nemi faifan, bugun 2006 na kamfanin Nonesuch shi ne ya fi sauƙin samu, kuma babu waccan waƙa a cikinsa. A fara da Regiment, a bi da Help Me Somebody, a tsallake The Jezebel Spirit in zuciya ba ta ɗauka, mu ma ba kullum muke iya jin ta ba. Gefe na biyu kuwa a bar shi sai dare ya yi, an ɗauke wuta, janaretocin layi sun yi shiru, a sa abin kunne. Moonlight in Glory, mai ɗauke da muryoyin mawaƙan Moving Star Hall, jikokin bayin da aka kwasa daga wannan gaɓa tamu ta Afirka ta Yamma, tana buƙatar a ji ta fiye da sau ɗaya kafin ta buɗe. Ta ƙarshe a jerin asali, Mountain of Needles, ba a ɗora mata muryar kowa ba. Wani sauti ne kamar an bugi babban tasa a nesa, a jira ya mutu, a sake bugawa, minti biyu da 'yan kai.